Kacala ta cinye mana fadama: ina ake samun binciken da jami'o'i suka yi a kanta?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Ni ne magatakardan ƙungiyar manoma da masunta ta garinmu, can ƙasan Haɗeja ta wajen Guri. Duk wanda ya san yankin ya san abin da kacala ta yi mana. Gonar da mahaifina ya noma shinkafa, wadda na yi tsaron tsuntsu a cikinta ina yaro, yau ko kwale-kwale ba ya ratsa ta. Ciyawar ta fi mutum tsayi ko ya ɗaga hannu. Ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya je ya kwanta inda ba a son sa, inda ake son sa kuma sai ƙura. Janbaki ta samu masauki a ciki, da asuba ta fito ta sauka a kan ɗan abin da muka shuka a tudu.

Dattawa sun ce in rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisarmu da ma'aikatar ruwa. Amma mun sha rubuta ta kuka, ba ta haifar da komai ba. Wannan karon ina so in tafi da hujja. Tun ina yaro nake ganin masu bincike suna zuwa da motoci da ƙarafan awo da takardun tambayoyi. Mu ke tuƙa su a jirgi, iyayenmu mata ke dama musu fura. Ina abin da suka rubuta ya tafi?

Makon jiya na biya kuɗin mota na je laburaren wata jami'a. Mai gadi ya ce katin ɗalibi, na ce ba ni da shi, ya ce to a sauka lafiya. Na dawo na bincika a waya, na ga wata maƙala da sunan kogin namu ɓaro-ɓaro, ina dannawa aka ce sai na biya dala. Dala, a kan ruwan da nake wanka da shi. Jama'a, ta ina ake shiga?

Baban Walid: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'a, amma ni dai ban taɓa ganin takardar da ta tumɓuke ciyawa ba. Motar haƙa kuke buƙata da mai. Kuɗin da za ka ɓata a hanyar jami'a ku tara ku yi gayya.

Ɗan Fadama: Yaya, gayya kam mun yi ta har hannu ya yi kanta. A yanke bana, baɗi ta dawo kamar an zuba mata taki.

Anti Mai Laburare: Malam Ɗan Fadama, sannu da ƙoƙari. Shekarata 19 a wannan aikin, kuma abin da ya same ka ya ba ni kunya, ko da yake ban san inda ka je ba. Mai gadi umarnin da aka ba shi ya bi. Kuskuren shi ne ka tsaya a kansa. Laburaren jami'a galibi yana da hanyar karɓar baƙo mai bincike, sai dai ba wanda yake tallata ta. Ka rubuta wasiƙa a takardar ƙungiyarku mai hatimi, zuwa ga shugaban laburaren, ka faɗi ko kai wane ne, abin da kake nema, da kwana nawa kake so. In ka samu mai gari ko hakimi ya sa hannu, ya ƙara armashi. Ka haɗa da katin ɗan ƙasa. A ƙofa ka ce wasiƙa ka kawo ofishin shugaban laburare, kar ka ce karatu ka zo. Wasu wuraren akan karɓi ɗan kuɗi a ba ka katin wucin gadi. Ba za a ba ka aron littafi ka fita da shi ba, amma za ka zauna ka karanta.

In ka shiga, kar ka ɓata lokaci a kantocin littattafan darasi. Wuri biyu za ka nufa: inda ake ajiye kundayen digiri na biyu da na uku, da teburin ma'aikacin da ke amsa tambayoyin masu bincike. Wannan ma'aikacin aikinsa ke nan, kuma wallahi yawancinmu kewar mai tambaya ta gaske muke yi, don yara ba sa zuwa sai jarrabawa ta matso. Kundayen nan su ne dukiyar. Ɗaliban sashen labarin ƙasa, aikin gona, nazarin halittu da injiniyancin ruwa na Bayero da Ahmadu Bello da Maiduguri sun daɗe suna rubutu a kan Haɗeja da Nguru, kuma mafi yawansu ba a taɓa buga su a ko'ina ba. Yanzu ga jami'o'i a kusa da ku ma: ta tarayya a Dutse, ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ta tarayya a Gashuwa.

Tun kafin ka tashi, ka duba rumbun intanet na jami'ar Ahmadu Bello, sunansa Kubanni, kamar rafin da ya ratsa Zariya. Akwai kundaye da yawa a ciki da ake saukewa kyauta. Ka riƙa rubuta sunan ciyawar na kimiyya, wato Typha, tare da Hadejia ko Nguru yadda ake rubuta su a boko. In ka rubuta kacala ba abin kirki da zai fito.

Injiniya Mai Ritaya: Hajiya ta gama magana. Ni zan ƙara da abin da zai tarar, don ya san me yake nema. Baban Walid, ka saurara, don nan ne amsar abin da ya sa gayya ba ta ci.

Da can kogin Haɗeja na damina ne. Ya cika ya malala a fadama, rani ya yi ya janye, ƙasa ta bushe ƙayau. Kacala ba ta jure wannan bushewar. Sai aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka gama na Challawa a 1992, ga kuma shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Tun daga nan babbar ambaliyar damina da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, aka koma sakin ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan shan Kano. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shekara zagaye, shi ne abincin kacala. Ta tsiro, ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, ta ƙara samun wurin zama. Da haka tsohon kogin Haɗeja da reshensa na Burum Gana suka cushe, ruwa ya karkata ta reshen Marma zuwa Nguru. Abin da ke isa Gashuwa yanzu galibinsa na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba, shi ya sa duk ranar da aka tayar da zancen dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kansa, mutanen Yobe da Borno ke tashi tsaye.

Ba sabon zance nake ba. Ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta soma aiki a dausayin tun 1987, ta kuma fitar da littafi guda a kansa a 1993. A shekarun nan wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna amfanin da ruwa ke bayarwa in an bar shi ya malala a fadama, a noma shinkafa, a kama kifi, a yi itace, suka kwatanta da wanda yake bayarwa a aikin noman rani na kogin Kano. Fadama ce ta yi rinjaye, da tazara mai yawa. Ka nemi wannan, ɗana. Takardarku ta nemi a gyara yadda ake sakin ruwa, ba yankan ciyawa kaɗai ba.

Jikan Masunta: Baba Injiniya, da girmanka, wannan duk kakana ya faɗa ba tare da ya shiga aji ba. Yana cewa tun da aka ɗaure ruwa a Kano kifi ya daina haihuwa yadda ya saba. Sai Bature ya rubuta da Turanci sannan ya zama ilimi?

Injiniya Mai Ritaya: Kakanka ya yi gaskiya, kuma wataƙila daga bakin irinsa aka ɗauki rabin abin da ke cikin littafin. Amma ka je ofis ka ce kakana ya ce, ka ga irin kallon da za a yi maka.

Jikan Masunta: To ai shi ne abin haushin.

Ɗan Aji Huɗu: Yaya Ɗan Fadama, kar ka wahalar da kanka. Turo min sunan maƙalar ta akwatin sirri. Ko in ba ka lambar shigata ta makaranta ka sauke duk abin da kake so. In ta ƙi, akwai Sci-Hub, shafin da ke ba da maƙalun kuɗi kyauta ba da izinin masu su ba, kowa da shi yake aiki, har malamanmu.

Anti Mai Laburare: Ɗana, don Allah kar ka ba shi lambar. Ba don ina kare kamfanonin da ke sayar da maƙalun ba. In suka ga ana saukewa ba ƙaƙƙautawa daga wurin da ba su gane ba, ba kai kaɗai za su rufe ba, makarantar gaba ɗaya suke toshewa. Na ga an yi, muka yi makonni muna rubuta wasiƙar ban haƙuri, masu digiri na uku suna zuwa suna zaginmu. Kuma da yawa daga yarjejeniyoyin da makarantu ke yi da kamfanonin sun yarda baƙon da ya shigo da ƙafarsa ya zauna a kwamfutar laburare ya karanta. Ƙofa a buɗe take, me ya kai shi haura katanga?

Ɗan Aji Huɗu: Anti, ƙofar da aka kore shi daga bakinta? Ni abin da ban gane ba: gwamnati ta biya malami albashi, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ba shi kuɗin bincike, mutanen ƙauye suka ba shi bayani kyauta, ya rubuta ya miƙa wa kamfani a Turai kyauta, wani malamin ya duba musu kyauta, sannan kamfanin ya sayar mana da dala. Wane ne ɓarawo a nan?

Malam Na Bakin Kasuwa: Tambayarka tana da nauyi, yaro, ban raina ta ba. Amma ka raba abu biyu. Zaluncin tsarin daban, lambar da aka ba ka amana daban. Ka sa hannu cewa kai kaɗai za ka yi amfani da ita. Zaluncin wani ba ya halatta maka cin amanar da ka ɗauka da bakinka.

Ɗan Aji Huɗu: Allah ya gafarta Malam, na ji ta lamba. Ta Sci-Hub fa?

Malam Na Bakin Kasuwa: Wannan ka kai wa wanda ya fi ni. Ni na tsaya inda na tsaya.

Uwar Biyu 'Yar Jarida: Wannan rigimar ba a nan aka fara ta ba. Wata 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ita ta kafa Sci-Hub a 2011 saboda irin takaicin Ɗan Fadama, kuma a 2017 wata kotu a Amurka ta yanke a biya kamfanin buga mujallun bincike na Elsevier dala miliyan 15 a kanta. Akwai kuma Aaron Swartz, matashin da ya sauke miliyoyin maƙalu daga rumbun mujallu na JSTOR ta layin jami'ar MIT, aka kama shi a 2011, ya kashe kansa a 2013 yana da shekara 26 ana shirin shari'a. Ni ba zan yi wa kowa wa'azi ba. Amma takardar da za ta je gaban hukuma, gara a ce kowane shafi ka san ta inda ka samo shi.

Kuma hanyoyin halal sun fi yadda ake zato. JSTOR ɗin nan, in ka buɗe asusu da imel ɗinka, tana barin ka karanta wasu adadin maƙalu a wata kyauta, saukewa ce ba ta bari. Shafin AJOL kuma ya tara mujallun Afirka, da yawansu a buɗe. A Google Scholar, in ka ga maƙala a kulle, ka danna inda ake nuna sauran kwafinta, sau da yawa marubucin ya ajiye wani a rumbun jami'arsa. In duk ta ƙi, ka rubuta wa marubucin. Adireshinsa na nan a shafin farko. Ni na sha yi, kuma kusan kullum suna turowa, wasu har da murna, don ba su zaci wani zai karanta ba.

Anti Mai Laburare: Ki ƙara da Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike. Jami'o'i da cibiyoyin bincike ne ke rajista. Ɓangaren AGORA na aikin gona ne, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe shi a 2003, OARE kuma na muhalli ne, 2006. Su biyun suka shafe shi. Ya tambaya a ɗakin kwamfutoci ko suna da shi. In an ɗauke wuta kuma, sai haƙuri, wannan ba ni da maganinta.

Mai Data Da Araha: Masu bincike, akwai data mai sauƙi, duk layuka. A tuntuɓe ni.

Shugaban Zaure: Malam, wannan gargaɗi na biyu ke nan. Talla ranar Asabar ce.

Uwar Biyu 'Yar Jarida: Wani abu kuma, Ɗan Fadama, kar kwarjinin bango mai ruwan gwal ya rufe maka ido. Ba duk abin da ke laburare ne gaskiya ba. Na taɓa ɗaukar alƙaluma daga kundin wani ɗalibi na sa a rahoto, ashe ya kwafo ne daga wani, wancan ma ya kwafo, har da kuskuren bugu iri ɗaya. Edita ya kusa cinye ni. In ka ɗauki kundi, ka fara da babin da ya faɗi yadda aka yi aikin: wane gari ya je, wane wata, mutum nawa ya tambaya. Kai ɗan wurin ne. In ya ce ya auna zurfin ruwa a wurin da ka san a watan nan busasshe ne, ka ajiye shi. Wannan ikon kai ke da shi, malamin da ya ba shi maki ba shi da shi.

Alƙaluman sakin ruwa daga dam kuwa, na kwanan nan ba lallai ka same su a jami'a ba. Suna wurin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ta tarayya ce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nema a rubuce, ba sai ka faɗi dalili ba, kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Ni tarihi zan tuna muku. In kana son nuna yadda fadamar take kafin dam, ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Zamanin Turawa Haɗeja a lardin Kano take, Jigawa sai 1991 aka yi ta, don haka fayilolinku na cikin na lardin Kano, waɗanda ake wa laƙabi da Kanoprof. Na Nguru suna cikin na lardin Borno. Rahotannin da jami'an mulki suka rubuta don ƙiyasta haraji sukan faɗi abin da kowace gunduma ke nomawa da sana'ar mutanenta. Don karɓar kuɗi suka rubuta, ba don ƙaunarmu ba, amma yau shaida ce. Gidan Arewa ma yana Kaduna, a gidan Sardauna, ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello yake, kuma suna da tsoffin jaridu da takardun gwamnatin Arewa. Ka tafi da fensir da haƙuri. Takardun sun tsufa, wasu kana taɓawa suna marmashewa.

Baban Walid: Kaduna kuma? Mutumin da ke kukan kuɗin motar zuwa jami'a. Ranka ya daɗe, so kake ya yi digiri kafin ya rubuta wasiƙa?

Tsohon Hedimasta: Ka yi gaskiya, na zarce. Ya ajiye ta Kaduna sai an ce masa ƙarya yake.

Ɗan Diffa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina bin zancen nan daga Nijar, kuma ruwan da kuke magana shi muke jira. Komadugu Yobe ita ce iyakarmu da ku kafin ta faɗa tafkin Chadi, da ita muke noman tattasai. Abin da aka saki ko aka riƙe a Kano, mu ne na ƙarshen gani. A jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai an yi rubuce-rubuce a kan kogin, mu ma an buɗe mana jami'a a Diffa a 2014. Matsalar, namu da Faransanci, naku da Turanci, manomin da abin ya shafa kuma ba ya jin ko ɗaya. In ka haɗa takardarka, don Allah ka yi ta da Hausa ma. In akwai na Faransanci da kake so, ni zan karanta in faɗa maka abin da ke ciki.

Jikan Masunta: Wannan ita ce maganar da ta fi min daɗi tun da aka fara.

Injiniya Mai Ritaya: Tun da an zo nan: a 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, sun kafa asusun haɗin gwiwa na kula da wannan kwarin, ofishinsa a Damaturu. Ka ambace shi a takardar. Mai mulki ya fi jin nauyi in ka tuna masa alƙawarin da aka riga aka sa wa hannu.

Ɗan Fadama: Jama'a, na dawo, kwana 12 ke nan. Na yi yadda Anti ta ce, hakimi ya sa hannu. Mai gadin nan dai shi na tarar, da ya ga ambulan da hatimi har rakiya ya yi min. An ba ni kwana uku. Rana ta farko ba wuta, na zauna da kundaye. Wata ma'aikaciya ta ɗaura ƙyalle a hanci ta shiga ciki ta fito min da guda bakwai, ƙura har a girarta. Biyu na ajiye su, don ɗaya ya sa garinmu a gabas da kogi, mu kuwa tun kakanni a yamma muke. Amma a cikin wani na ga taswirar hanyoyin ruwanmu da sunayensu na gargajiya, har da wata 'yar hanya da ta cushe tun ban yi wayo ba. A shafin godiya kuma, cikin waɗanda suka tuƙa shi a jirgi, ga sunan ƙanin mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Na daɗe ina kallon shafin.

An hana ni ɗaukar hoton kundin duka, an ce shafuka kaɗan. Na kwafi sauran da hannu. Na Barbier na karanta a kwamfutarsu rana ta biyu, Turancin ya yi min tsauri, wani ɗalibi ya zauna ya warware min lissafin.

Anti Mai Laburare: Alhamdu lillahi. Ka rubuta sunan kowane kundi da shekara da lambar shafi tun yanzu, kafin su cakuɗe maka. Kuma in takardar ta kammala, ka kai wa ma'aikaciyar nan kwafi ɗaya a ajiye.

Baban Walid: To, ban ce na sauka daga maganata ba, har yanzu mota nake son gani a bakin ruwa. Amma turo lambar asusun ƙungiyar, in sa na fotokwafi.

Ɗan Fadama: Na gode Yaya. Daren jiya na karanta wa dattawa sunayen da ke taswirar a ƙofar gidan mai gari. Sun gyara guda biyu, sun kuma ce akwai hanya ɗaya da mai kundin bai sa ba sam. Jibi za mu shiga jirgi da Sarkin Ruwa ya nuna min bakinta. Ɗan Diffa, turo min lambarka ta akwatin sirri.